Mutuwa a Bakin Talaka, Mutuwa a Takardar Ofis

Laccar da aka gabatar a taron ɗaliban ƙasar Tambuwal da Kebbe



Sa'ad da takardar gayyata ta iso mana, aka ce mu zaɓi abin da muka ga dama mu yi jawabi a kansa, mun tabbata da yawa daga cikinku sun sa ran jin batun siyasa. Ba mu ga laifinsu ba, domin ƙasar Tambuwal da Kebbe ba baƙuwar siyasa ba ce. Kujera ɗaya muke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma wanda ya riƙe ta daga 2003 zuwa 2015, watau Aminu Waziri Tambuwal, har shugabancin majalisar ya yi daga 2011, kafin ya zama Gwamnan Jihar Sakkwato. Duk da haka sai muka zaɓi abin da ba a cika son ji ba a taron farin ciki, watau kalmomin da Ingilishi ke amfani da su idan mutum ya mutu, ko aiki ya ƙare, ko wani abu ya daina amfani. Muna roƙon a yi haƙuri da mu har mu kai ƙarshe. Dalilinmu shi ne, mafi yawan waɗanda ke zaune a ɗakin nan, nan da shekara biyu ko uku, su ne za su riƙa rubuta waɗannan kalmomi cikin fayil, su ne kuma za a kai wa takarda a ƙauye a ce, “Malam, karanta mana.” Wanda duk ya tsaya tsakanin takarda da mutumin da ba ya iya karanta ta, to, ya ɗauki amana, ko ya sani ko bai sani ba.

Bari mu fara daga gida. Bahaushe bai yarda a jefa kalmar mutuwa a kan mutum kai tsaye ba, sai in babu makawa. In aka aiki yaro daga Dogon Daji zuwa Sanyinna ya kai labari, ba zai tsaya ƙofar gida ya ce wane ya mutu ba. Zai ce Allah ya yi wa wane rasuwa, ko ya ce an yi rashi. Ita kalmar rasuwa daga rasa ta fito, watau tana duban waɗanda aka bari ne, su da suka nema ba su samu ba. Marigayi kuwa daga rigaya, wanda ya riga mu, mu kuma muna nan tafe. Mukan ce ya kwanta dama, saboda yadda ake kwantar da mamaci a kabari. Mukan ce ya cika, ko sa'i ya yi, ko rai ya yi halinsa. In jariri ne sai a ce ya koma, kamar baƙon da ya leƙo bai zauna ba. In Annabi ne ko wani babban bawan Allah, sai a ce wafati ko fakuwa. Shi ya sa ba za ku ji Basakkwace ya ce Shehu Usmanu ya mutu a 1817 ba, kuma inda yake kwance ba a ce masa kushewa, hubbare ake cewa. Da irin wannan ladabi ne mutanen Tambuwal ke ambaton Buhari ɗan Shehu da zuriyarsa da suka gabata. Can ƙasan tsani kuma akwai kalmomin wulakanci, irin su ya sheƙa lahira, waɗanda ba a faɗa wa wanda ake ganin girmansa. Dabba ce ke mutuwa kurum, in kuwa ba a kai ga yanka ta ba, ta zama mushe.

Amma ku lura da abin da ke faruwa idan aka bar mutum aka koma kan kaya da al'amura. A nan Bahaushe ba ya kara ko kaɗan. Agogo ya mutu, fitila ta mutu, mota ta mutu a kan hanyar Jega. Kasuwar da masu saye suka guje wa ta mutu, garin da aka watse aka bari ya mutu, auren da aka raba ya mutu, kuma malalacin da ya zauna yana jiran a ba shi, zuciyarsa ce ta mutu. Sa'an nan duk inda mutu ta shiga, kashe na biye da ita. Ana kashe wuta, a kashe kuɗi, a kashe aure, a kashe magana. Amfanin wannan shi ne, da zarar an ce abu ya mutu, ƙofa ta buɗe ke nan ta a tambayi wanda ya kashe shi. Ashe harshenmu yana tausasa baki a kan mutum saboda girmansa, yana kuma faɗin gaskiya tsirara a kan kaya, domin kayan da suka mutu gyara suke nema ko canji, ba ta'aziyya ba.

To, ina Ingilishi ya tsaya? Shi Ingilishi harshe ne mai hawa biyu. Akwai tsofaffin kalmomin talakawan Ingila, gajeru, masu fitowa fili, irin su “die” da “dead” da “end”. Akwai kuma waɗanda suka shigo daga Faransanci da Latin, musamman bayan Nomawan Faransa, watau mutanen Nomandi, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, harshensu ya zama na fada da kotu. Kusan yadda Larabci ya zama mana harshen alƙali da malami, ya ba mu ajali da wafati da kabari, haka Latin ya zama musu. In aka bi asalin kalmomin nan, sai a ga tunanin bai yi nisa da namu ba. “Decease” asalinta tafiya, kamar yadda mukan ce ya ƙaura. “Expire” fitar numfashi. “Defunct” wanda ya sauke nauyin da aka ɗora masa, watau ya cika, ita ma wafati a Larabci daga tushen cikawa ta fito. “Cemetery” daga Girkanci, wurin barci, mu kuma mukan ce makwanci. Har “mortgage”, bashin gina gida da ma'aikata ke bi layi suna nema, ma'anarta ta asali mataccen jingina. Kuma kalma takan sauya hali da tafiyar zamani: “starve” da can mutuwa kowace iri take nufi, daga baya ta tsaya a kan yunwa kaɗai.

Mun kawo wannan ne don kada wani ya fita daga nan ya ce mun zagi harshen da muke karatu da shi. Bature a gidansa yakan ce batir ya mutu, kamar yadda muke cewa. Matsalarmu ita ce, mu ba Ingilishin gida ya zo mana ba. Wanda ya zo mana Ingilishin ofis ne, ya kuwa shigo ne a bayan bindiga. An ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. A 1906 mutanen Satiru, nan kudu da Sakkwato, suka yi bore, aka aika musu da runduna, aka karkashe su, aka shafe garin. Sunan da littattafan mulkin mallaka suka ba irin wannan aiki shi ne “pacification”, watau kwantar da hankali. Tun daga ranar muka fara koyon cewa ana iya yin abu da hannu, a rubuta wani abu dabam da alƙalami. A 1931 takarda ta ce Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari ya yi murabus, alhali matsin Turawa ne ya raba shi da gadon sarauta. Gwamnatin Abacha ko wannan karar ba ta yi ba a 1996, sa'ad da ta tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki.

Da Turawa suka tafi, sun bar mana kujerunsu da kalmominsu, mun kuwa riƙe su da kyau. Ku ɗauki kalmar “suspend”, wadda ake fassara mana da dakatarwa, asalinta kuwa ratayewa. Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka hamɓarar da gwamnatin maƙwabcinmu Alhaji Shehu Shagari, suka ce sun dakatar da sassan tsarin mulkin 1979. Wanda ya ji dakatarwa zai zaci za a sauko da abin da aka rataye. Ba a sauko da shi ba. Mulkin farar hula na sosai bai dawo ba sai 1999, da wani sabon tsarin. A watan Agusta 1993, bayan an soke zaɓen 12 ga Yuni, Janar Babangida bai ce ya sauka ba, ya ce zai “step aside”, watau ya ɗan matsa gefe. Haka nan mutumin da aka haifa a Kebbe a 1960, ko bai taɓa barin gidan ubansa ba, ya zauna ƙarƙashin Jihar Arewa, sa'an nan Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, sa'an nan Jihar Sakkwato daga 1976, shekarar da En'e ta ba ƙananan hukumomi wuri. A 1991 Jega ta koma Jihar Kebbi, a 1996 Gummi ta koma Zamfara. Duk hukumomin da suka shuɗe “defunct” ake kiransu a takarda. Amma tsohon da ya yi wa En'e aiki, yana neman inda fayil ɗinsa ya shiga, ya san cewa hukuma takan mutu ta bar bashi da rai.

Wannan ya kawo mu ofis, inda yawancinku za ku. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta fitar da ma'aikata fiye da dubu goma daga aiki, kuma daga lokacin ne jimlar “with immediate effect”, watau nan take, ta zauna a bakin 'yan Nijeriya. Wasu an yi musu ritaya, wasu an kore su, amma a kunnen mutanen gari duk ɗaya ne, an sallami wane. Muna so mu gaya muku abin da ya faru da mu kanmu, ko da yake ba abin alfahari ba ne.

A cikin 1984, lokacin da gwamnatin soja ke rage ma'aikata, muna aji uku a sakandare, mun zo hutu gida. Wani dattijo maƙwabcinmu, masinja a wani ofis, ya same mu a zaure da ambulan a hannu. Ya ce, “Ɗana, duba mini abin da suka ce.” Muka buɗe, muka ga kalmar “terminated”. Mun san ba alheri ba ce, amma ba mu san iyakar zafinta ba, kuma kunya ta hana mu ce ba mu sani ba, ga kuma nauyin furfurarsa. Sai muka ce, “Baba, sun ce an dakatar da kai.” Ya yi shiru, kana ya ce, “To, alhamdu lillahi, tun da ba kora ba ce.” Ya ninke takardar ya sa aljihu. Daminar nan bai noma gonarsa duka ba, don yana jiran a kira shi. Bai je ya nemi haƙƙinsa na barin aiki ba, don a ganinsa wanda aka dakatar bai bar aiki ba. Sai bayan fiye da shekara wani akawu ya karanta masa takardar daidai. Bai taɓa yi mana maganar ba har Allah ya karɓi abinsa, kuma da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Mun yi masa ladabin da ake yi wa mamaci, alhali shi mai rai ne, yana da iyali, gaskiya yake bukata.

Saboda haka wajibi ne kowane ɗayanku ya san bambancin waɗannan kalmomi kamar yadda ya san sunansa. “Interdiction” ita ce a ɗage ma'aikaci daga aiki ana bincike, yana karɓar rabin albashi. “Suspension” dakatarwa ce wadda a ƙa'idar aikin gwamnati ba albashi a cikinta, amma mutum bai bar aiki ba tukuna. “Retirement” ita ce ritaya, wadda galibin ma'aikata ke kai wa a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, da haƙƙin fansho. “Retrenchment” rage ma'aikata ne ba don laifinsu ba. “Termination” yanke yarjejeniyar aiki ce. “Dismissal” kuwa kora ce bisa laifi, wadda a tsohuwar ƙa'ida takan tafi da haƙƙoƙin mutum na barin aiki, ta kuma bar masa tabo. Wanda ya tattara waɗannan shida ya ce wa mutum “an sallame ka”, ko ya musanya ɗaya da ɗaya, zai iya jawo masa asarar abin da ya yi shekara talatin yana tarawa. Abin mamaki kuma, a ofis ɗin nan guda za ku tarar da sunan mamaci yana karɓar albashi, ga tsoho mai rai yana hawa mota zuwa Sakkwato don ya tabbatar wa masu tantancewa bai mutu ba.

Yanzu mu koma kan kaya. Mun ce Bahaushe ba ya yi wa kaya kara, to, Ingilishin ofis nan ne ya fi yin karar. Kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways ya daina tashi a 2003. Hukumar lantarki ta NEPA an sauya mata suna a 2005, aka sayar da sassanta a 2013. NITEL, mai wayar tarho, ta bi sahu. Kowanne da kalmar da aka lulluɓe shi da ita: wannan “liquidated”, wancan “unbundled”, wancan “moribund”, watau yana gargara. Ba ɗaya daga cikin kalmomin da ke nuna hannun wani. Mu sauko kusa. Akwai ƙauyen da muka sani a ƙasar Kebbe, inda rijiyar burtsatse ta daina ba da ruwa. Matan garin suka ce ta mutu, suka koma tafki. A takardar rahoto kuwa an rubuta “temporarily out of service”, watau ta ɗan tsaya na wani lokaci, kuma haka aka yi ta kwafe wannan layi daga rahoton bara zuwa na bana. Ku duba illar. Da an rubuta ta mutu, da dole a sa kuɗin sabuwa cikin kasafi, dole kuma a tambayi wanda ya haƙa ta da wanda aka ba kulawa da ita. Da yake an ce ta ɗan tsaya, a lissafin hukuma garin yana da ruwa. Yaran da ke shan tafki ba su cikin lissafin.

Talaka kuwa da ya ari kalmomin nan, sai ya cire musu riga. Bakanike a tashar Tambuwal in ya ce inji ya yi nokin, ko mota ta zama kwandam, ba wanda zai tsaya jiran ta tashi. Kwandam ɗin nan daga “condemned” ta fito, kalmar da ake yanke wa kayan gwamnati da suka gama amfani. Ritaya ma ta shiga Hausa ta zauna, har a kan ce tsohon keke ya yi ritaya. Wadda ba ta zauna daidai ba ita ce ekispaya, kuma ita ce ta fi haɗari. Kwanan watan da ke jikin kwalin magani yana nufin daga ranar nan kamfanin da ya yi shi ya janye lamuninsa. Ƙarfin maganin na iya raguwa, wani ma ya lalace, musamman a zafi irin na ƙasarmu, a kan tire, cikin rana, ranar kasuwa. An kafa hukumar NAFDAC a 1993 domin irin wannan, amma ma'aikacinta ba zai tsaya a kowace rumfa ba. Uwar da ta sayi maganin zazzaɓi ba ta karanta abin da ke jikinsa. Ɗanta da ke jami'a shi ke iyawa. In ya duba ya ce mata, “Inna, wannan maganin ya mutu,” ta gane nan take.

Ba mu manta da abin da ya faru da kuɗi ba. A watan Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya ce tsofaffin za su “cease to be legal tender” ranar 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. A bakin mutanen ƙauye jimlar nan ta zama kalma biyu, kuɗi sun mutu. Waɗanda ba banki kusa da su suka shiga halin da duk muka gani: ga hatsi, ga dabba, ba mai saye, ga kuɗi a hannu ba mai karɓa. Ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, a watan Nuwamba kuma ta cire wa'adin gaba ɗaya. Watau kuɗin da aka yi wa jana'iza sun tashi. Sai dai labarin mutuwarsu ya riga labarin tashinsu isa ƙauye, kuma wanda ya rabu da nasa da asara a tsakanin kwanakin nan ba wanda ya mayar masa.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne yadda ake rubuta mutuwar mutane. Shekarun nan ƙasarmu, tare da maƙwabtanmu na Zamfara da Kebbi, ta sha fama da 'yan bindiga, kuma kusan kullum akwai sanarwa. A cikinta za ku ji “neutralised”, wadda ba ta ce an kashe ba, ba ta ce an kama ba. Za ku ji “casualties”, wadda ta haɗa mamaci da mai rauni a buhu ɗaya. Sojojin duniya kuma suna da “collateral damage”, watau ɓarnar gefe, sunan da suke ba farar hular da aka kashe ba da niyya ba. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bom bisa kuskure a kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, mutum fiye da 80 suka rasu. Wane ne a cikinmu zai iya shiga zaman makokin nan ya ce wa uwa ɗanta ɓarnar gefe ne? In kalma ba ta faɗuwa a gaban mai makoki, to, a yi tunani kafin a rubuta ta.

Akwai kuma wadda muka ara muka fassara, har ta zama kamar tamu, watau “bayan gajeruwar rashin lafiya”. Kullum muna jin ta a rediyo. A sanarwar rasuwa ba laifi, sutura ce, kuma iyalin mamaci suna da ikon su rufe sirrinsu. Amma a littafin asibiti da rahoton ƙaramar hukuma ba ta da wuri. Sanƙarau ya yi mummunar ɓarna a Arewa a 1996, ya sake dawowa Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara, kuma ba a fara ceton sauran ba sai da aka gano sunan abin da ke kashe su. Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a ƙasar nan, amma ku tambayi kanku, cikin waɗanda kuka raka makwancinsu bana, nawa aka rubuta? Cutar da ba a kira sunanta ba, ba a aiko mata da allura.

Mun san wani zai ce, ai mu ma muna da namu wayon. Gaskiya ne, kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muna da “an”, wadda ke ɗauke laifi daga kan kowa: an ci kuɗin, an bar aikin, an rufe makarantar. Muna da “ta lalace”, kamar ita ta lalata kanta. Wani kuma zai ce komai ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ba mai tsayar da shi. Ba mu musa ba, mun yi imani da haka. Amma malaman da suka koya mana ƙaddara su ne suka koya mana cewa shari'a ta raba wanda ya mutu da wanda aka kashe, ta raba kisan ganganci da na kuskure, ta ɗora diyya. Ko mahauci ya san yankakke dabam, mushe dabam, ko da yake duka biyun ba rai. Yarda da hukuncin Allah bai taɓa hana alƙali tambayar yadda abu ya faru ba, don haka kada ya hana akawu.

Abin da muke roƙonku, 'yan'uwa, kaɗan ne. Na farko, in aka kawo muku takarda ku karanta, kuka haɗu da kalmar da ba ku tabbata ba, ku ce ba ku sani ba, ku nemi ƙamus ko wanda ya fi ku. Tun 1934 Bargery ya tattara ƙamusunsa, Jami'ar Bayero ta fitar da nata na Hausa zalla a 2006, yau kuma ga waya a aljihun kowa. Kunyar minti ɗaya ta fi asarar shekara. Na biyu, in ku ne masu rubutawa, kafin ku sa hannu ku juya jimlar zuwa Hausa a zuciyarku, ku ji ko za ku iya faɗinta a gaban mai unguwa da matan garin. In famfo ya mutu, ku rubuta ya mutu, da ranar da ya mutu, da abin da ya kashe shi. Na uku, ku ajiye tausasawa inda kakanninmu suka ajiye ta, watau a kan mutum. Wanda ya rasu a ambace shi da sunansa da ladabi, ko talaka ne, ko a cikin rahoto ne. Masu nazarin harshe a cikinku kuma ga aiki yana jiransu: a zauna a tsara wa kalmomin ofis takwarorinsu na Hausa tsayayyu, yadda dakatarwa ba za ta sake zama kora ba a bakin wani ɗan aji uku.

Shugaban taro, mun ga lokaci ya ƙure, ko kuwa mu ce mun kashe shi, tun da mun san wanda ya yi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu lafiya, ya ba ku sa'ar jarrabawa.